Tsoho Ya Ci a Gida

Akwai wani matashi a Agiye mai suna Hafizu, kuma tun kafin in yi nisa ina gaya muku labarinsa yana ci mini rai. In kun ji ina faɗa a tsakiya, ku yi mini uzuri.

Hafizu maraya ne. Yana ɗan shekara huɗu mahaifinsa ya rasu, ƙanin mahaifin, Baffa Gado, ya ɗauke shi ya riƙe a ƙauyensu, tafiyar awa uku a amalanke daga Agiye. Akushi ɗaya suka ci har ya girma. Baffa ne ya sa shi lakol, wato makarantar boko, ya tsaya masa har ya gama, ya samu aiki a buro, wato ofis, na wani proje mai raba irin shuka.

Baffa Gado yana da wata ɗabi'a da kowa ya san shi da ita. Gonarsa a bakin hanya take. Da hantsi, in matarsa Inna Tata ta kawo fura gindin gawo, ba ya kai ludayi baki sai ya duba hanya gabas da yamma. Duk wanda ya hango, ko bai taɓa ganinsa ba, sai ya ɗaga murya: "Bismillah! Matso mu sha!" Kuma ba tayin baki yake ba, har sai mutum ya zauna yake barinsa. Inna Tata ta yi mita shekara talatin, ta gaji, ta koma ƙara gero a turmi.

A gidan nan Hafizu ya tashi. Ku riƙe wannan.

To, bara aka buɗe wani sabon kafe, wurin cin abinci na 'yan gayu, a bakin kwalta. Ba zan faɗi sunansa ba, ba na son rigima. Baƙin gilashi, sanyin kilim mai sanyaya ɗaki, da wasu kujeru masu tsawo da in ka hau ƙafarka ba ta taɓa ƙasa. Babban abin da suke tutiya da shi wai shi "buranshi". Na tambaya, aka ce abinci ne da ba na safe ba, ba na rana ba, na tsakani.

Na ce to, a kawo in gani. Aka kawo ƙwai biyu, yankan burodi, kwaɗon zogale cokali uku, da fura a kofin gilashi an tsoma mata tsinken zuƙa.

Jama'a, fura da hantsi! Abin da iyayenmu suke sha a gona tun ba a haifi mai kafen ba, shi aka sa wa sunan Turawa aka ce jika biyu, wato sefa dubu biyu. Sau ɗaya na je, har yau ina jin haushin kaina.

Da a jika biyun ya tsaya ma da sauƙi. Bayan salla ƙarama ya koma uku, wai fetur ya hau. Kafin layya ya kai biyar, wai sukari ya yi tsada, alhali furar tasu ko sukarin kirki babu. Ƙwai biyu suka koma ɗaya, sai dai an ƙara wa faranti faɗi. Abin mamaki, duk lokacin da kuɗin ya hau, sai masu zuwa su ƙaru, don kowa yana son a gan shi a inda wani ba ya iya shiga.

Hafizu yana cikinsu. Shi da abokin aikinsa Zakariyya ba sa fashi. Kafin su taɓa abincin sai sun ɗauke shi hoto ta gefe uku sun ɗora a waya, ƙwan ya huce, sannan su ci. In suka fito kuma su tsaya wajen mai ƙosai, saboda ba a ƙoshi ba.

Wata ranar kasuwa, lokacin ana jika biyar, Hafizu yana zaune a barandar kafen shi kaɗai, sai ga Iro mai amalanke, maƙwabcin Baffa, da wasu mutum biyu na ƙauyensu za su wuce. Suka gaisa. Bakin Hafizu ya riga tunaninsa, ya ce, "Bismillah."

A cikin gari in ka ce haka, sai a ce maka "Alhamdu lillahi" a wuce. Amma waɗannan mutanen garin Gado ne, kuma ɗan Gado ne ya yi tayi. Suka ɗaure jaki, suka hau kujerun nan da ƙyar.

Ga inda matsalar take. A gida in baƙo ya zo, hannu ne yake ƙaruwa a akushi, shi ke nan. A kafe kuwa kowane kai da farantinsa, kowane faranti da kuɗinsa. Kafin Hafizu ya yi wani motsi, Kubra mai kawo abinci ta jera faranti uku.

Iro ya share nasa a loma huɗu, ya zare tsinken ya ajiye gefe, ya kafa kai ya shanye furar. Ya dubi Kubra ya ce, "Madalla da ɗanɗano. Abincin kuwa shina tahe?"

Jika ashirin Hafizu ya biya ranar. Kwana uku yana huci a buro.

Mai hankali da ya ce, wurin da ba zan iya yi wa ɗan'uwana tayi ba, ba wurin zamana ba ne, ya daina zuwa. Hafizu bai daina zuwa kafe ba. Bismillah ya daina cewa. Ya bar baranda ya koma can ciki bayan baƙin gilashi, ya zaɓi tebur na lungu, ya juya wa hanya baya.

A wannan lokacin yana neman wata yarinya, Asama'u, mai aiki a wani ɗakin sayar da magani. Yana sonta ƙwarai, ita ma tana sonsa. Mahaifinta, Malam Abdulmumini, dattijo ne mai kiwon zabi a bayan gari, yana kai ƙwai shaguna da wuraren abinci. Ba mai yawan magana ba ne, amma idonsa ba ya barin komai ya wuce. Magana ta kai inda ya ce Hafizu ya turo manyansa. Hafizu kuwa ba shi da wani babba a duniya sai Baffa Gado. Ya aika masa cewa ya shigo ranar kasuwa su tsayar da ranar kai goro.

Ƙarshen damina ne, gero ya fara nuna. Baffa ya yi asuba ya hau amalanken Iro, ko koko bai tsaya sha ba. Inna Tata ta biyo shi da kwano, ya ce, "Bar shi, wurin ɗana za ni." Ya ɗaure tumu guda shida a buhu, na farkon gonarsa, don Hafizu yana son tumu tun yana ƙarami.

Da hantsi suka iso. Baffa ya je buro, aka ce Mushe Hafizu, kamar yadda ake kiran ma'aikata da Faransanci, ya fita. Yana tafe yana tambaya, har ya hango moton Hafizu, wato babur ɗinsa, a ƙofar kafen. Ya cire takalmansa a bakin ƙofa, ya tura gilashi, ya yi sallama.

A makon nan buranshi ya kai jika bakwai. Yanzun nan aka ajiye wa Hafizu da Zakariyya nasu, ko hoton ba su gama ɗauka ba.

Hafizu ya miƙe, ya rusuna, ya gaishe shi. Gaisuwa kam ya yi ta har da ƙari. Ina gajiya, ina Inna, ina ruwa, yaya gero, yaya tumaki, yaya ƙafar da take ciwo. Ya tambayi lafiyar kowa a garin, saura kaɗan ya tambayi lafiyar jakin Iro. Kalma ɗaya ce kawai ta ƙi fita. Ga abinci a gabansa, ga tsohon da ya ciyar da shi shekara ashirin a tsaye, ƙura har gwiwa, shi kuwa jika bakwai ne suke masa yawo a ka.

Zakariyya ya sunkuyar da kai yana latsa waya.

Kubra ta matso ta ce, "Mushe, a kawo ma tsoho?"

Hafizu ya ce, "A'a, bar shi. Tsoho ya ci a gida."

Wallahi ina rubutawa raina yana ɓaci. Wa ya gaya maka ya ci? Ka tambaye shi? Mutumin da ya baro ƙauye tun asuba!

Baffa Gado ya dubi farantin, ya dubi Hafizu. Sai ya yi murmushi ya ce wa Kubra, "I, ɗiyata, na ci. Na ƙoshi."

Ya ajiye buhun tumu a gefen kujera. Ya ce Juma'a ta sama za su kai goro, in Allah ya yarda. Hafizu ya ce to, Allah ya kai mu, a gaida Inna. Baffa ya fita, ya sa takalmansa, ya nufi kasuwa.

Zakariyya ya ce, "Kai kuwa, da ka ce mishi bismillah ko ta baki ce."

Hafizu ya ce, "Ba ka san Baffa ba. Shi bai san ta baki ba, zama zai yi. Kuma wanga abinci ba irin nasu ba ne, ba zai ji daɗinshi ba."

Fura da zogale fa. Wai ba irin nasu ba ne.

Juma'a ta zo. Baffa ya sa babbar rigarsa ta salla, ya ɗauki Iro ya raka shi, suka sayi goro mai kyau, suka yi sallama a ƙofar gidan Malam Abdulmumini bayan masallaci. Aka shimfiɗa tabarma a zaure. Mai gida ya fito, ya miƙa hannu, sai ya tsaya yana kallon Baffa.

Ya ce, "Ashe kai ne. Ai mun san juna."

Baffa ma ya gane shi.

Malam Abdulmumini ya sa aka kawo ruwa da abinci, ya ce ba za a yi wata magana ba sai sun ci. Da suka gama, Baffa ya gabatar da goro, ya faɗi abin da ya kawo su. Malam ya saurara har ƙarshe, sannan ya dubi Iro, don shi ne bai san zancen ba.

Ya ce, "Ran kasuwar da ta wuce na kai ƙwai wurin cin abincin nan na bakin kwalta. Ina tsaye ƙofar madafa ana ƙirga, ina hangen ciki. Na ga Hafizu da abinci gabanshi. Na ga wani dattijo ya shigo ba takalmi. Na ji yaron na ce mishi Baffa, na kuma ji ya ce tsoho ya ci a gida. Na ce a raina, to, ƙila haka ne."

Baffa ya ce, "Malam, ai ni ma na ce na ci."

"Ka ce, na ji. Bari in ƙare. Da na koma kasuwa na sayi hura na zauna rumfar masu kaji, sai ga dattijon nan ya zo ya tsaya wurin randa yana shan ruwa, moɗa ɗaya, moɗa biyu, moɗa uku. Na ce mishi bismillah. Ya ce alhamdu lillahi. Na ce sai ka zauna. Ya zauna. Malam Gado, na daɗe a duniya, na san yadda ƙosasshe ke riƙe ludayi. Hannunka rawa yake."

Iro ya juya yana kallon Baffa, baki buɗe.

Baffa ya ce, "Yaro ne, Malam. Kuma abin wurin da tsada, an ce jikka bakwai. Yaron kirki ne wallahi, ni na raine shi. Kada kuskuren yini guda ya ɓata mishi."

Malam Abdulmumini ya ce, "Jikka bakwai. Ƙwan da ke cikin farantin nan na zabina ne, dala ashirin nike sai da musu shi. To bar ma zancen kuɗi. Ko rabin burodin ya gutsura ya miƙa maka, da yau na karɓi goron ga da hannu biyu. Kai da ka raine shi ke nan. Ni da ban raine shi ba, ran da na taka gidan ɗiyata da yunwa, mi za a ce? Ran da ita kanta ta zame mishi nauyi fa?"

Baffa ya yi ta roƙo, har ya ce a ɗauka laifinsa ne, shi bai iya tarbiyya ba. Malam ya ce, "Da kai ke neman ɗiyata, da na ba ka." Ya tura goron gaban Baffa a hankali. Ya raka su har bakin hanya.

Da yamma Hafizu ya kira Asama'u yana murna, yana jiran albishir. Ta ce, "Baba ya maida goro."

Ya ce, "Don mi?"

Ta ce, "An ce baffanka ya ci a gida."

Ya fara rantse-rantse, yana cewa ba ta gane ba, abin ya hau ne, jika bakwai ne yanzu. Ta ce, "Hafizu, ni ma ina da baffa, kuma shi ma ran kasuwa yake shigowa." Ta kashe wayar. Ya sake kira, ba ta ɗauka ba.

Kun san abin da ya fara zuwa kansa? Ba kunya ba. Cewa ya yi Baffa ne ya kai ƙararsa. Tsoho ya je neman aure ya ɓige da tona masa asiri a kan ƙwai ɗaya! Haka ya kwana yana saƙawa. Gari na wayewa ya hau moto ko ruwa bai sha ba, ya nufi ƙauye da maganganun da ya shirya.

Hanyar yashi ce, moton ya yi ta kafewa, yana sauka yana turawa. Bai iso ba sai da rana ta ɗaga, ya yi gumi sharkaf, cikinsa yana kuka. Ya tarar ana girbi. Baffa yana gindin gawo, Inna Tata ta sauke ƙwaryar fura ke nan.

Baffa ya ɗauki ludayi, ya duba gabas, ya duba yamma. Idonsa ya yi rauni yanzu, bai gane ko wane ne ba, ya dai ga mutum yana turo moto. Ya ɗaga murya: "Bismillah, bawan Allah! Matso mu sha!"

Hafizu ya tsaya cak.

Da ya matso, Baffa ya ce, "A'a, Hafizu ne? Zauna, zauna. Tata, ba shi babban ludayin."

Inna Tata ba ta miƙa ludayin ba. Ta riƙe ƙugu ta ce, "Ai Mushe ya ci a gida."

"Tata."

"Bar ni in faɗa, Malam! Iro ya gaya mini komi. Kai ka dawo ran kasuwa ka ce mini yaro ya karɓe ka hannu bibbiyu, har na yi ta sa mishi albarka. Jiya kuma ka je kana durƙusa ma mutane, kana cewa laihinka ne. Kai kuma Hafizu, da ka turo baki ka taho, wa kake zargi? Uban yarinyar na tsaye ƙofar madafa da kwandon ƙwai, da kunnenshi ya ji ka. Baffanka ko ni bai gaya ma ba."

Duk maganganun da Hafizu ya shirya a hanya suka watse. Ya zauna a ƙasa, ba a kan tabarma ba.

Baffa ya karɓi ludayin daga hannun Inna Tata, ya dama furar, ya tura ƙwaryar gabansa. Ya ce, "Sha. Ka sha hanya."

Hafizu ya ɗebo, ya mayar da ludayin cikin ƙwarya. Hawaye suka zubo masa. Ya ce, "Baffa, ran nan ba ka ci komi ba."

Baffa ya ce, "Na ci mana. Allah bai bar ni ba. Surukinka ya ba ni hura." Sai ya gyara. "Wanda ya so zama surukinka."

Daga nan Baffa ya juya zancen. Ya tambaye shi ko tumun ya yi daɗi. Buhun kuwa a kafe Hafizu ya manta shi.

Baffa ya sake komawa wurin Malam Abdulmumini har sau biyu, Malam yana karɓarsa da mutunci, yana ciyar da shi, amsar dai ba ta canja ba. Bayan kaka aka ɗaura wa Asama'u aure da wani malamin lakol na garin Gazawa. Ranar walima Malam ya aika wa Baffa Gado kwanon abinci har ƙauye a kan moto. Baffa ya fito da shi ƙofar gida ya kira masu wucewa.

Hafizu bai sake taka kafen nan ba. Yanzu da hantsi a kan benci yake zama a ƙofar buro da kwanon fura ta dala arba'in, wato sefa ɗari biyu, yana kiran duk wanda ya gifta. Ya koya, amma da Asama'u ya biya kuɗin karatun.

Buranshi kuwa na ji an ce ya kai jika tara, kuma an rage zogalen. Har yanzu wurin cike yake, kowa ya juya wa hanya baya.

Darasi: Duk abincin da tsadarsa za ta hana ka ce wa naka "bismillah", ya fi ƙarfinka ko da kuɗinsa yana aljihunka, tashi ka bar shi. Kada son a gan ka a wurin manya ya sa ka ji nauyin ciyar da wanda ya ciyar da kai, domin mutane suna kallon yadda kake yi da naka kafin su ba ka nasu. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, musamman masu ɗaukar faranti hoto kafin su duba wanda yake tsaye a kansu.